Sawun Mai Saye Shi Ke Zana Kanti

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da masu buɗe manyan kantunan nan na ɗauki-da-kanka da ke ta ƙaruwa a Yamai, daga Filato zuwa Yantala da Kwara Kano har ƙetaren gada a Harobanda, da ma waɗanda suka soma ɓullowa a Tawa. Kuɗi ake narkarwa ba na wasa ba: tayil, gilashi, kilim, kantocin ƙarfe da aka yo oda daga waje. Amma ka leƙa wasunsu bayan la'asar, sai ka iske ma'aikata sun fi masu saye yawa, alhali mai ɗan butik na bakin layi ko zama bai samu ba. Sai a ce unguwar ce ba kuɗi, ko a ce baki ya kama wurin. Sau da yawa ba haka ba ne. An kwafo tsarin kantin daga hoton wata ƙasa, ba a tsaya an kalli yadda namu mutanen suke shiga, inda suke tsayawa, da abin da suke miƙa wa hannu ba.

Su kansu waɗanda ake kwaikwayo, kallon mutanensu suka yi. A 1916 ne Clarence Saunders ya buɗe Piggly Wiggly a Memfis ta Amurka. Kafin nan mai saye tsayawa yake a gaban kanta ya faɗi abin da yake so a miƙo masa, kamar dai butik ɗinmu. Saunders ya sa ƙofar shiga ɗaya, hanya ta bi gaban dukkan kaya, kowane abu da farashinsa a jiki, a biya a bakin fita. A 1937 Sylvan Goldman a Oklahoma ya lura cewa da zarar kwando ya yi wa mace nauyi sayayya ta ƙare, sai ya fito da keken turawa. Mutane suka ƙi shi. Maza suna ganin raini ne, mata suna cewa turin keken jarirai ya ishe su, har sai da ya ɗauki mutane haya suna zagaya kantin da keken kamar masu saye. Babban kantin da Carrefour ya buɗe kusa da Paris a 1963, mai faɗin murabba'in mita 2,500 da filin ajiye ɗaruruwan motoci, an gina shi ne don mai mota da ke sayen kayan mako guda a tashi ɗaya. Namu mai sayen fa? A kan moto yake zuwa, ko a takisin da ya haɗa da mutum uku, ko a ƙafa, kuma yawanci cefanen yau ya kawo shi. Wanda ya sayi kekunan turawa arba'in ya bar kwanduna goma, bai san wanda yake jira ba.

Aikin farko ba ya cin kuɗi. A zana taswirar kantin a takarda ɗaya, da ƙofa da kantoci da firigo da kes, wato wurin biya, a buga kwafi da yawa. A zaunar da yaro mai natsuwa inda ba zai takura kowa ba, ya riƙa zaɓen mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka shigo, ya ja layin hanyar da ya bi, ya sa ɗigo inda ya tsaya, ya sa gicciye inda ya ɗauki abu, ya kewaye gicciyen in ya mayar. A yi haka mako guda, da hantsi da bayan la'asar da bayan isha'i, a sake yi a ƙarshen wata lokacin da albashi ya fita. In aka tara takardun aka ɗora su, layin da kowa ke bi zai fito, lungun da ba mai shiga shi ma zai fito. Rasit ɗin kes abin da aka saya kawai yake faɗa. Ba ya faɗin abin da aka ɗauka aka juya ana neman farashi aka rasa aka ajiye. A kuma ajiye littafi a kes, duk abin da aka tambaya aka ce babu a rubuta shi da ranarsa.

Bakin ƙofa shi ne wurin da aka fi yin asara. Mutumin da ya fito daga ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya shigo sanyi da hasken fitila, idonsa bai washe ba, yana sa makullin moto a aljihu, yana amsa gaisuwar gardi. Taku huɗu ko biyar na farko ba ya ganin komai. Ba'amurken nan Paco Underhill, wanda ya shafe shekaru yana bin sawun masu saye, ya daɗe da nuna haka. A ƙaramin kanti mita biyu zuwa uku na farko a bar su fili. Allon rangwame da tulin kwanduna da aka manna a bakin ƙofa, wucewa ake yi. A matsar da su ciki, a kuma ajiye wani tulin kwandunan a tsakiyar kanti, domin mai cewa abu ɗaya ya zo saye, in hannunsa biyu suka cika, kes zai nufa.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su sani ba, wato tsoron gilashi. Mutane da yawa a garin nan sun riga sun yanke cewa duk inda aka sa kilim na manya ne, komai an ninka kuɗinsa. Ba a cire wannan da talla a rediyo. Ana cire shi da kaya biyar ko shida da kowace mai girki ta haddace farashinsu: kwalin sukari, dunƙulen Maggi, ƙullin taliya, litar mai, gwangwanin tumatir, omo. A kan waɗannan take auna kantin gaba ɗaya. In ta ga sukarinka ya ɗara na Wadata ko Katako da dala goma, ta gama da kai, ko da sauran kayanka sun fi araha. Waɗannan a rage ribarsu har ƙasa, a rubuta farashinsu da manyan lambobi yadda mai wucewa a titi zai gani, a nemi riba a wani wurin. Gardi kuma a koya masa magana. Matar da aka fizge wa jaka a ƙofa kamar an kama ɓarauniya ba za ta yi faɗa ba, amma ba za ta dawo ba, kuma gidan biki zai ji labari. A yi akwatuna masu lamba, a ba ta lambarta a hannu, a ce “Hajiya, a ajiye miki nan ki huta da nauyi.”

Ana yawan cewa mai shiga kanti dama yake karkata, don haka a sa kayan riba a dama. Yakan faru, amma inda ƙofa take da inda haske da sanyi suke sun fi ƙarfi. Takardun yaron nan za su raba gardama.

Dabarar da aka fi kwafowa ido rufe ita ce kai madara da burodi can ƙuryar kanti domin mai saye ya ratsa komai kafin ya kai. A can tana aiki, kuma ba wayo kaɗai ba ne, firigo yana son bango da kusanci da mangaza. A nan kuwa masu shigowa iri biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Akwai ɗan aike, yaro ko ƴar aiki, da dala ɗari a dunƙule cikin hannu da saƙo uku da aka haddace masa. Ba shi da ikon ƙara ko ashana, ko ka zagaya da shi kantin sau bakwai. Abin da za ka samu shi ne ya daɗe, a yi masa faɗa a gida, gobe a aike shi butik. Akwai kuma uwargida ko maigida da suka zo sayen kayan wata. Ɗan aike a yi masa gajeriyar hanya: burodi, sukari, Maggi, ruwan sanyi, solani, ƙananan ƙulle-ƙulle na dala biyar da dala goma, duk cikin taku goma daga kes. Mai sayen wata shi ake ja ciki, kuma ba da wahala ake jansa ba, da jeri mai ma'ana: hatsi da taliya, sai mai da kayan miya, sai kayan shayi, sai kayan wanki a ƙarshe. Kaya masu nauyi, buhun shinkafa mai kilo 25 ko 50 da bidon mai na lita 25, ba a sa su a ƙurya. A jera samfuri ɗaya-ɗaya da farashi, a ba mai saye tike, ya biya a kes, yaro ya fitar masa ta ƙofar gefe ya ɗaure a moto. Buhunan su zauna kan katako, taƙi ɗaya daga ƙasa, nesa da bango kaɗan, saboda danshi da ɓera.

Faɗin layi tsakanin kantoci shi ne inda mai gini ke son tsumulmula, domin kowace mita haya ce. Kada ya gaza mita 1.20 in kwando ake riƙewa, mita 1.80 in da keken turawa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tsaya ya kalla. Tufafinmu masu faɗi ne, babbar riga da hijabi da lafaya. Mace ta sunkuya tana duba gwangwanin madara a kantar ƙasa, namiji ya zo wucewa ya goge ta, ko da ya ce gafara, miƙewa take ta bar layin, abin da take dubawa ya zauna. Ga kuma goyo. Uwa tana fuskantar kantar dama, yaron da ke bayanta yana jawo duk abin da hannunsa ya kai a ta hagu, kuma ba ta ganinsa. A ƙunƙuntaccen layi, kwalbar mayones ko ta zuma da aka jera daidai tsayin ƙugu zuwa kafaɗa, ƙasa za ta sha. Sai a shiga rigimar wa zai biya, a rasa kwalba a rasa mai saye. Kayan kwalba a ba su layi mafi faɗi, a sa wa bakin kantar ɗan shinge na santimita uku ko huɗu. Kantocin tsakiya kada su wuce mita 1.50, domin mai kes ya hango ko'ina, mai saye kuma ya hango inda za shi. Dogayen kantoci na bango ne.

A kan kanta kuwa, bene-bene ne. Daga mita 1.20 zuwa 1.60 nan ido ke sauka, daga santimita 80 zuwa mita 1.20 nan hannu ke kai ba wahala, ƙasa da haka sai an sunkuya, sama da haka sai an ɗaga kai. Kuskuren da ake yi, dogon saurayi ne ke jera kaya daidai nasa idon, alhali yawancin masu ɗauka mata ne. Wane kaya ya cancanci benen ido? Ba wanda ya fi tsada ba, ba kuma wanda dillali ya fi matsa maka ba. A yi lissafi. A ce wani biskit ribarsa 50 ce a ƙulli, ana sayen 40 a mako, ya kawo 2,000. Wani cakulan na waje ribarsa 600, ana sayen biyu a mako, ya kawo 1,200, ga shi yana narkewa. In wuri ɗaya suke ci a kanta, biskit ya fi shi. Abin da mutum zai nema ko ina ka ɓoye shi, irin gishiri da sukari mai yawa, shi ake kaiwa ƙasa. Abin da sai an gani ake tunawa, shi ake ɗagawa.

A tuna kuma cewa rubutun da ke jikin kayan nan Faransanci ne ko Larabci ko Turanci ko Turkanci, kuma da yawa cikin masu saye ba da karatu suke gane kaya ba. Da launi da hoto suke ganewa: mai jan kwali, mai hoton saniya, mai koren murfi. Saboda haka iri ɗaya a jera shi a tsaye daga sama zuwa ƙasa, launinsa ya zama gungu da za a hango daga nesa, fuska uku aƙalla a jere, kada a bar gwangwani ɗaya tilo ya ɓace cikin maƙwabta. Kada kuma a riƙa sauya wa kayan yau da kullum mazauni. Wasu suna yin haka da gangan wai don a yi ta yawo ana nema. Tsohuwar da ta saba miƙa hannu hagu ta ɗauki shayinta, in ta zo ba ta gan shi ba, ba tambaya za ta yi ba, cewa za ta yi sun daina kawowa.

Yawan iri ma ba kullum ne alheri ba. A wani gwaji da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, an baje jam ɗin shafa wa burodi iri 24 a wani kanti a Kalifoniya, wani lokacin kuma iri 6. Teburin mai 24 ya fi tara ƴan kallo, amma kusan uku cikin ɗari ne suka saya, a mai 6 kuwa kusan talatin cikin ɗari. Ba kowane kaya ne ke bin wannan ba, amma ga mai ƙaramin jari darasin ya isa: tumatir iri uku, mai araha da matsakaici da mai kyau, kowanne a cike, ya fi iri goma sha biyu da rabinsu ke kwana har ranarsu ta wuce.

Maƙwabtaka tsakanin kaya a bi tukunya, kada a bi takardar dillali. Ɗan fada da ya zo sayen shayi yana son sukari da ƙananan kofuna da na'ana'a a wuri ɗaya. Taliya tana kiran tumatir da sardin. Famfas yana kiran sabulun jariri da man shafawa. Akwai kuma maƙwabtakar da ba a yi ko kusa: omo, sabulu, ruwan jabel, turare da maganin sauro kada su haɗa kanta ko bayan kanta da garin fulawa, shayi, madarar gari ko biskit. Waɗannan suna shan wari ta cikin takarda da leda, zafi kuma yana gaggauta abin. Biskit mai ɗanɗanon sabulu ba a dawo da shi, daina saye ake yi. Audugar mata da makamantanta a ba su lungu mai sutura, kusa da kayan jarirai, ba gaban kes inda samari ke tsaye ba, in da hali mace ta kula da layin.

Sai farashi, wanda a ganina nan rabin cinikin yake. A kasuwa tambaya ake yi a taya, a ce albarka, a daidaita. A kantin da ba tayi, takardar farashi ita ce bakin mai kaya, in babu ita kantin bebe ne. Mutum mai mutunci ba zai ɗauki abin da bai san kuɗinsa ba ya je kes a gaban jama'a kuɗinsa su gaza. Kowane kaya da takardarsa a ƙarƙashinsa daidai, ba ta maƙwabcinsa ba, lambobi masu tsayin santimita biyu aƙalla. Ga kuma abin da ake mantawa: takarda da tamma take magana, kai kuwa da dala yake lissafi. An rubuta 1,750, uwargida tana juya shi a zuci zuwa jikka da dala ɗari da hamsin kafin ta san ko ya yi mata. Farashin da ke faɗawa daidai kan 25 ko 50 ko 100 yana saurin juyuwa. Irin su 995 da 1,490 da ake kwafowa daga Turai ba su da amfani a nan: suna wahalar da lissafi, kuma wa zai ba ka canjin dala ɗaya? Ƙarshenta a miƙa maka alewa. Alewa a madadin canji, in ta zama ɗabi'a, mutane suna ƙirga ta a matsayin ƙwace, ko ba su faɗa ba. Kes ya buɗe da safe da isassun ƙwandaloli na 25 da 50 da 100, a kuma karɓi biya ta waya ga mai so. Ranar da aka sauya farashi a kwamfuta, a ranar za a sauya na kanta, kafin a buɗe ƙofa. In aka samu saɓani, a sayar a kan na kanta, a gyara daga baya. Gyara kuma, wato ɗan ƙarin da mai awo ke yi a kasuwa, ba laifi ya shigo kanti: wanda ya yi sayayyar jikka ashirin a jefa masa kwalin ashana ko sabulu ɗaya, ya fi masa daɗi da rangwamen kashi ɗaya cikin ɗari da ba ya gani.

Na'urar karanta lambar kaya, wadda aka fara amfani da ita a wani kanti a jihar Ohayo a 1974, tana saurin sallamar layi, amma kayanmu na gida yawanci ba su da lambar. Kilishi, cuku, zuma, yaji, garin kunu, busasshen zogale, albasar Galmi da aka ƙulla a raga. Kada wannan ya sa a jibge su a kusurwa. A buga musu lamba ta cikin gida da ranar da aka karɓe su, a ba su kanta mai haske kusa da hanyar fita. Matafiyi mai neman tsaraba su yake nema, kuma ba ya taya su. A Tawa, inda gidaje da yawa ke jiran saƙon ƴan ci-rani daga Abijan da sauran garuruwan gaɓar teku, cinikin babban awo yana bin ranar da kuɗi suka iso ne, ba ranar albashi kaɗai ba, kuma kantin da ke kusa da wurin karɓar saƙon kuɗi ya san haka.

Zafi da ɗaukewar wuta suna da nasu hukuncin a kan tsari. Buɗaɗɗen firigo marar ƙofa, irin na hotunan Turai, asara ce a garin nan. A sayi mai ƙofar gilashi, domin mutum ya zaɓa kafin ya buɗe. Madara da yawut da makamantansu tsakanin digiri 0 da 4, kaji da kifi masu ƙanƙara a 18 ƙasa da sifiri, da ma'aunin zafi a ciki da ake dubawa safe da yamma a rubuta. Firigo ya bar bango da taƙi guda domin injinsa ya sha iska, a kuma share ƙurar bayansa duk mako a lokacin hunturu. In wuta ta tafi, gurup, wato janareta, ya fara ɗaukar firigo kafin kilim. Kayan da ya narke ya sake daskarewa ana gane shi: ƙanƙara ta taru a cikin ledar, naman ya manne ya zama curi, kwalin ya yi laushi ya bushe a karkace. Masu saye sun iya dubawa, kada a ɗauka ba su sani ba. Bangon da ke kallon yamma da duk inda rana ke shigowa ta gilashi, a ba robobi da bokitai da tsintsiya, ba mai ko cakulan ko madara ba. Ƙura kuwa, ko jiya aka kawo gwangwani, in yatsa ya bar sawu a murfinsa, tsohon kaya ne a idon mai saye.

Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina, suna daɗewa a hanya, suna isowa da guntun kwana. Ranar lalacewa a duba ta a bakin mota kafin a sa hannu a takardar karɓa. Wajen cika kanta, sabo ya shiga baya, tsoho ya matso gaba. Yaran kanti ba sa son wannan don sai an kwashe an mayar, sai an tsaya a kansu. Rubutun Faransanci iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba. Wanda ya ce a ci kafin rana kaza, irin na yawut da nama, in ranar ta wuce zubarwa ake yi. Wanda ya ce an fi so a ci kafin rana kaza, irin na taliya da biskit, inganci ne ke raguwa. Abin da ya rage masa wata guda a fitar da shi kanta ta musamman, a rubuta ranar ɓaro-ɓaro, a rage kuɗin sosai. Goge rana ko manna takardar farashi a kanta ha'inci ne, kuma a unguwar da kowa ya san kowa ba ya ɓoyuwa.

A kes, mutum huɗu a layi shi ne iyaka, na biyar a buɗe wani kes ko a sa mai cika leda. Cunkoson yana da lokutansa da aka sani: tashin ma'aikata, gab da magariba, bayan sallar Juma'a, da sa'ar ƙarshe kafin shan ruwa a watan azumi. A waɗannan lokutan ba a cika kanta, ba a barin kwali a layi, ba a tura mai kes aike. Ɗan aike mai abu biyu kada ya tsaya bayan mai keke cike. Ƙananan kayan gaban kes suna kawo kuɗi, gaskiya ne, amma a duba me ake sawa. Ingila ta hana manyan kantuna jera alewa da makamantanta a bakin kes da ƙofa da goshin kantoci tun Oktoban 2022. Mu ba mu da wannan dokar, amma uwar da ɗanta ya kwanta a ƙasa yana kuka kan bombon a gaban mutane, gobe ba za ta zo da shi ba, wataƙila ita ma ba za ta zo ba. Batir, ashana, reza, katin waya, cingam, su ne abin da babba ke tunawa a ƙarshe. A bar teburi bayan kes don shirya kaya, a tara kwalaye da igiya ga masu moto, tunda dokar 2014 ta hana ledar nan marar ruɓewa, kuma ko ba doka leda ba ta kai kwalbar mai gida a kan hanya mai gargada.

Ma'aikacin cikin layi yana ɓata ciniki ta hanya biyu: ko ya manne wa mutum a baya kamar mai gadin ɓarawo, ko ya ɓace cikin wayarsa. Daidai shi ne ya yi sallama, ya ce “Baba, in ana neman wani abu ga ni nan,” ya ja baya taku biyar yana aikinsa. In ya ga an ɗauki abu biyu ana juyawa, lokacin magana ya yi. In an tambaye shi wuri, ya raka, kada ya nuna da baki. Kalmar babu kada ta fita ita kaɗai, a bi ta da abin da zai maye gurbi ko ranar da za a kawo. A Yamai, layin da ba mai jin Zabarmanci da Hausa duka biyu ya rasa rabin garin. Sabon kaya kuma ɗanɗano ke sayar da shi, ba yabo ba: ɗan faranti, ƙananan yanka, mai miƙawa da hannu mai tsabta. Kiɗa a sassauta shi, a kashe in an kira salla.

Kan layi, wato goshin kanta da kowa ke gani, shi ne wurin da ya kamata ya bi kalanda. Abu ɗaya ko biyu kawai, a tula su da yawa, farashi babba, a sauya duk mako biyu. Mako biyu kafin azumi, sukari da dabino da madara da kayan kunu. Kafin layya, gishiri, yaji, mai, wuƙaƙe da manyan robobi. Ƙarshen Satumba, littattafai da biro da biskit ɗin ƴan makaranta. Da damina, maganin sauro, da tabarmar goge ƙafa a ƙofa don tayil mai laka yana kayar da tsofaffi. In aka bar kayan azumi a goshi har bayan salla, ido ya saba da su ya daina gani.

Duk wanda zai taɓa tsarinsa bayan karanta wannan, ya sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ya rubuta adadin da kayan ke fita mako biyu kafin sauyin da mako biyu bayansa, kuma ya gwada farkon wata da farkon wata, tsakiya da tsakiya. In ya gwada makon albashi da makon ashirin ga wata, lissafin zai nuna masa ribar da babu, ko faɗuwar da ba tsarin ne ya jawo ta ba.

Na gode da filin da aka ba ni. Wassalam.

Wani mai harkar kanti,
Yamai